In an ce sakura, me ke fara zuwa maka a rai?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a, masu koyon Japananci da waɗanda ke zaune can Japan ku zo ku warware min wani abu. A ajinmu na intanet malamar tana sa mu wani wasa, ta faɗi kalma ɗaya kai kuma ka faɗi duk abin da ya fara faɗo maka ba tare da ka tsaya tunani ba. Ta ce sakura, mu duka muka ce fure, itace, ruwan hoda, ita kuma ta ce abin da ke zuwa mata shi ne jakar makaranta da ranar shiga aji ɗaya. Toh ina haɗin fure da makaranta? Kuma ainihin tambayata ita ce, in dai kalmomin nan a kansu a ɗaure suke da juna ta wata hanya daban da tamu, haddar da muke yi a Anki, manhajar nan ta katunan hadda, kalma ɗaya fassara ɗaya, ba wahalar banza ba ce kuwa?

Baƙon Sendai:
Hhh ƙanena malamarku ba ta yi ƙarya ba. A nan shekarar karatu a watan Afrilu take farawa, haka kamfanoni ma a Afrilu sababbin ma'aikata ke kama aiki, kuma daidai lokacin ne sakura ke buɗewa, a Tokyo ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, mu nan Sendai da yake mun fi arewa sai ta ɗan makara. Saboda haka kusan duk wanda ya tashi a nan yana da hoto a ƙofar firamare, goye da jakar nan mai tauri da suke kira randoseru, ga furen a bayansa. Har ma da can in ɗalibi ya ci jarabawar shiga jami'a telegiram ake buga wa iyayensa a ce sakura saku, wato sakura ta buɗe, in ya faɗi a ce sakura chiru, ta kaɗe. Ka ga kalmar ba ita kaɗai take zaune ba, tana tafe da bazara da rabuwa da abokai da sabon aji da zaman cin abinci a gindin itace wanda suke kira hanami.

Sarkin Musu:
To wannan ai al'ada ce kawai ba wani ilimin ƙwaƙwalwa ba. Ka je Kurmi ka ce wa mutum kuka zai ce maka miya, ka ce damina ya ce sauro. Meye abin bincike a nan don Allah

Malama Mai Lugga:
Sarkin Musu ai kai da kanka ka kawo hujjar. Me ya sa ka tabbata miya zai ce, bai ce igiya ko inuwa ba alhali duk kuka tana da su? Abin binciken ke nan, amsoshin ba a warwatse suke ba, in ka tambayi mutum dubu za ka ga rabonsu ya taru a kan 'yan kalmomi kaɗan. Francis Galton ne ya fara gwada abin a Ingila a 1879, a kan kansa ma ya gwada da kalmomi 75. Carl Jung ya ɗauka yana yi wa marasa lafiya a Zurich, yana riƙe da agogo yana auna jinkirin amsa. A 1910 Kent da Rosanoff a Amurka suka ba mutum 1000 kalmomi 100 suka ƙirga amsoshin, tebur ya fi jawo kujera, duhu ya fi jawo haske. Su Japanawa suna kiran abin rensō, kuma a 1969 Umemoto ya fitar da jadawalin amsoshin ɗaliban jami'a 1000 a kan kalmomi 210. Daga baya Terry Joyce, wani masani da ke koyarwa a Japan, ya faɗaɗa aikin zuwa dubban kalmomi da kanji na yau da kullum, wato haruffan da suka aro daga Sinanci, yana zana su kamar taswira a ga wacce ke kai ka ga wacce.

Sarkin Musu:
Malama da girmanki, ƙirga amsa daban, sanin abin da ke cikin kai daban. Mutum zai iya faɗin abin da yake ganin ana so ya faɗa.

Malama Mai Lugga:
Shi ya sa ba a tsaya a tambaya da baki ba. A 1971 Meyer da Schvaneveldt sun riƙa nuna wa mutane kalmomi bibbiyu a allo, aikinka kawai ka danna maɓalli in duka biyun kalmomin gaske ne. Sai aka ga in an haɗa nas da likita, ko burodi da bota, hannu ya fi saurin dannawa fiye da in an haɗa nas da bota. Bambancin bai kai ƙiftawar ido ba amma yana nan kuma yana maimaituwa, ba wanda zai iya yin wannan don ya burge mai bincike. Ma'ana ganin kalma ɗaya yana tayar da maƙwabtanta tun kafin ka neme su. Collins da Loftus suka yi masa bayani a 1975, cewa motsin yana bin layukan da suka haɗa kalmomi yana raguwa in ya yi nisa. Ba kamar ƙamus ba da ke jera su daga a zuwa z.

Baƙon Sendai:
Bari in ƙara a kan na Malama, don abin da ya sa Japananci ya zama abin sha'awa a wannan fannin shi ne rubutunsu. Mu da boko kalma tana da sauti da ma'ana shike nan, su kuma akwai hanya ta uku, siffar harafin. Ɗauki 水, ruwa. Shi kaɗai ana karanta shi mizu, amma in ya shiga haɗi sai ya koma sui, suiyōbi Laraba, suiei iyo, suidō ruwan famfo, kōzui ambaliya. A kunne mizu da suiyōbi ba abin da ya haɗa su, amma wanda ya yi makaranta a nan yana ganin harafi ɗaya a cikinsu, ranar Laraba ranar ruwa ce a idonsa ko bai yi tunani ba. Sannan akwai ɗigo ukun nan na gefen hagu 氵 da ke nuna ruwa, za ka gan su a 海 teku, 池 tafki, 涙 hawaye, 泳 iyo, 洗 wanki. Hawaye da teku dangi ne a rubuce. Wani lokacin kuma ɓangaren harafin sauti yake ɗauke da shi ba ma'ana ba, 青 ana karanta shi sei, to 晴 da 清 da 精 da 静 duk suna da karatun sei saboda yana cikinsu. Kanji 2,136 ne a jerin gwamnati na amfanin yau da kullum tun 2010, yara suna koyon 1,026 daga ciki a shekara shida na firamare, kuma ba wanda ke riƙe wannan adadin a matsayin zane-zane dubu biyu da ba su san juna ba, gida-gida ake riƙe su.

Na Maraɗi:
Ina wuninku. Ni abin da ya ɗaure min kai da na fara shi ne kalmomi masu sauti guda, hashi gada ce, hashi tsinken cin abinci ne, hashi kuma gefe ne. Ya suke rabewa in ana magana?

Malama Mai Lugga:
Yadda kake raba wuya na jiki da wuya ta wahala, ko gari da gari. Suna da karin sauti su ma, sai dai nasu bai kai namu aiki ba. A karin Tokyo hashi na tsinke sama yake farawa ya sauko, na gada ƙasa yake farawa ya hau, haka ame ruwan sama da ame alawa. Bahaushe yana da sa'a a nan don kunnensa ya riga ya saba.

Baƙon Sendai:
Waɗannan masu sauƙi ne ma Malama, matsalar tana kalmomin da aka aro daga Sinanci, don da suka shigo karin sautinsu na asali ya zube sai suka taru a sauti ɗaya. Kōen lambun shaƙatawa ne, kōen lacca ce, kōen wasan dandamali ne, kōen goyon baya ne, kowanne da kanjinsa. Kagaku kimiyya ce gaba ɗaya 科学, kagaku kuma kemistiri ne 化学, mu a ɗakin gwaji in za a rikice sai a ce bakegaku, wato a karanta harafin farko da karatun gida, wato na asalin Japananci ba na aro daga Sinanci ba, da gangan don a san kemistiri ake nufi. Haka shiritsu, makarantar kuɗi 私立 da makarantar hukumar birni 市立, sai ka ji sun ce watakushiritsu ko ichiritsu. Kuma za ka ga mutum yana magana yana zana harafin da yatsa a tafin hannunsa ko a iska. Wannan kaɗai ya ishe ni shaida cewa rubutun yana cikin kalmar a kansu, ba riga ce da aka sa mata daga baya ba.

Sarkin Musu:
Yawwa na kama ku. In haka ne yaron da bai shiga makaranta ba fa, ko makaho, ba su jin Japananci ke nan? Kun cika zuzuta kanjin nan wlh

Malama Mai Lugga:
A nan kam ina bayanka rabi. Harshe a baki yake farawa, yaro ɗan shekara huɗu a Osaka yana zuba surutu bai san harafi ko ɗaya ba, kuma makafinsu suna karatu da rubutun taɓawa wanda sauti yake bi ba kanji ba, suna fahimta lafiya lau. Abin da za a iya cewa shi ne ga wanda ya yi karatu an ƙara masa wasu layuka a kan waɗanda yake da su. Kuma akwai wani rauni a irin wannan binciken da ya kamata a faɗa, yawancin masu amsawa ɗaliban jami'a ne saboda su ne a kusa da mai bincike. Amsar ɗan shekara ashirin a Kyoto a 1969 ba ita ce ta manomin shinkafa a Niigata ba, ba kuma ita ce ta matashin yau da waya a hannu ba. Shi ya sa ba na son in ji an ce wai ga yadda Japanawa ke tunani, abin da jadawalin ke nunawa shi ne waɗanne kalmomi suka saba tafiya tare a bakin waɗanda aka tambaya.

Nas Mai Dutin Dare:
Ku ba ni dama in sa baki ta ɓangarenmu. Likitocin Japan sun daɗe da lura cewa wanda jini ya buge shi a ƙwaƙwalwa zai iya rasa karatun kana, wato haruffansu na gaɓa, amma ya riƙa gane kanji, wani kuma akasin haka. Sasanuma Sumiko ta yi rubutu sosai a kan wannan a shekarun 1970. Tun 1943 ma wani likita Imura ya bayyana wata larura da ya kira gogi, mara lafiyan yana maimaita kalma daidai, yana karanta kana, amma ma'anar ta ɓace masa kuma kanji yana ba shi wahala. In da a wuri ɗaya komai yake ajiye da tare za su tafi.

Maman Ikram:
Sannunku da ƙoƙari, ni ba na koyon Japananci amma ina koyar da 'yan nazire da aji ɗaya kuma na gwada irin wasan nan da su. In na ce kare ba sa cewa kyanwa, haushi suke cewa ko cizo, in na ce baƙi su ce wuluk ko su ce gashi. Manya kuwa fari suke cewa nan take. Ko akwai dalili Malama?

Malama Mai Lugga:
Akwai Maman Ikram, kuma an gani a harsuna da dama tun binciken shekarun 1960. Ƙananan yara sun fi ba da kalmar da ke biyo baya a jimla, kare sai haushi, daga wajen shekara shida zuwa tara sai su fara ba da kalma 'yar ajin wadda aka faɗa, suna ya jawo suna, sifa ta jawo kishiyarta. Kamar an sake jera kayan ɗakin ne. Abin da zai shafi Ɗan Fagge shi ne masu koyon baƙon harshe, Paul Meara ya nuna sabon ɗalibi sau da yawa sauti yake bi, ka ce masa kalma ya ba ka wata mai kama da ita a kunne ko da ba abin da ya haɗa ma'anarsu. Alama ce kalmar ta shiga kai amma ba ta yi dangi ba tukuna.

Ɗan Fagge:
Kai wannan ni ne sak, kullum ina haɗa kawaii da kowai, ɗaya kyakkyawa ɗaya abin tsoro, da byōin asibiti da biyōin shagon gyaran gashi

Baƙon Sendai:
Kowa ya bi ta nan hhh. Amma kar ka ɗauka su 'yan ƙasa ba sa bin sauti, suna bi sosai, sai dai su da wasa ko da camfi. Huɗu ana iya karanta shi shi, daidai da mutuwa, tara kuma ku, daidai da wahala, shi ya sa wasu asibitoci ba ɗaki mai lamba 4. A wurin biki ba a faɗin yanke ko rabu ko ƙare, in za a tashi sai a ce ohiraki, wato buɗewa. A gidan da ake da mai shirin jarabawa ana kauce wa ochiru faɗuwa da suberu zamewa, a ci katsudon saboda katsu yana nufin cin nasara, har KitKat ya samu kasuwa lokacin jarabawa don yana kama da kitto katsu, lalle za ka ci. Kwabon yen biyar go-en ne, sautinsa ɗaya da kalmar kyakkyawar alaƙa. Yara kuma suna da shiritori, ka fara kalma da gaɓar da ta ƙare ta abokinka, ringo, gorira, rappa, wanda ya kawo mai ƙarewa da n ya faɗi don ba kalmar da ke farawa da shi.

Sarkin Musu:
Camfi dai camfi ne, Allah ya kyauta

Hajiya Ta Gwammaja:
Ba wanda ya ce ka yi imani da shi ɗana, ana nuna maka yadda sauti ke jan sauti ne. Ni abin da 'yata ta faɗa min da ya burge ni shi ne suna da irin su fat da wur da tsit namu, har sun fi mu yawa wai.

Malama Mai Lugga:
Amsa-kama ke nan Hajiya, suna da su jingim, giongo na sauti da gitaigo na yanayi. Ruwan sama mai ƙarfi zā zā yake, yayyafi shito shito, zuciya in tana bugawa doki doki. Kuma akwai tsari a ciki, koro koro ƙaramin abu ne ke gangarawa, goro goro babba mai nauyi, kira kira ƙyalli mai daɗi, gira gira hasken da ke kashe ido, da k ta koma g sai abin ya yi nauyi ko ya yi muni. Irin waɗannan suna manne da 'yan kalmomi ƙalilan, yadda in na ce ƙirin ba za ka ce komai ba sai baƙi.

Na Maraɗi:
To batun fassara ɗaya kalma ɗaya fa da ya tambaya tun farko, ba wanda ya ba shi amsa kai tsaye

Baƙon Sendai:
Amsata ita ce fassara ɗaya tana yaudara. Ka rubuta mizu ruwa a katinka, ka je ka ce a ba ka mizu mai zafi sai a dube ka, don mizu mai sanyi ne, ruwan zafi oyu ne, kalma daban. Ka rubuta ao shuɗi, sai ka ji suna kiran koriyar fitilar danja ao, koren tuffa ao, unguwar jami'armu ma Aoba ce, ɗanyen ganye, alhali suna da midori na kore. Shinkafa a gona ine, a buhu kome, a kwano gohan, in an zuba ta a faranti a gidan abinci irin na Turawa raisu. Sa kaya ma ba aikatau ɗaya ba ne, riga kiru, wando da takalmi haku, hula kaburu, tabarau kakeru. Sannan kalmominsu hawa uku ne, na gida, na aro daga Sin, na aro daga Turai, yadoya da ryokan da hoteru duk masauki ne amma hoton da kowanne ke kawowa daban, ryokan tabarmar tatami ce da wanka da ruwan zafi, hoteru gado ne da lifta. Kusan yadda kalmomin Larabci ke zo mana da nauyin malanta na Ingilishi kuma da ƙamshin ofis. Cibiyar binciken harshensu ta ƙasa ma ta fitar da wani kundi tun 1964, Bunrui Goihyō, wanda ya jera kalmomi bisa ma'ana ba bisa harafi ba, aka sabunta shi a 2004.

Injiniya Ba Hutu:
Ni fa ban yarda a zubar da Anki ba. Duk wannan dangantakar da kuke faɗa sai kana da kalmomin tukuna, ba a saƙa da zaren da babu. Wanda ke shirin N5 ko N4, wato matakan farko na jarabawar Japananci, ya haddace dubun farko ko ta halin ƙaƙa, dangin za su zo da kansu in ya fara karatu da sauraro. Masu cewa a zana taswirar kowace kalma za su shekara ba su wuce darasi na biyar ba.

Malama Mai Lugga:
Ba a ce a zubar ba Injiniya, abin da ke kan katin ne za a gyara. Maimakon kaburu shi kaɗai a sa bōshi o kaburu, hular da aikatau ɗinta tare, maimakon kusuri a sa kusuri o nomu, don su magani shansa ake ko ƙwaya ce, kamar mu. Lokaci ɗaya za ka ɓata amma ka tafi da layi guda a ɗaure. Sai dai kar a haɗa kishiyoyi ko masu kama da juna a zama ɗaya, dama da hagu, kawaii da kowai, bincike kan koyon harshe ya nuna hakan yana sa su cakuɗe, gara ɗaya ta zauna kafin a kawo ɗayar.

Injiniya Ba Hutu:
Wannan na ƙarshen na yarda, migi dama da hidari hagu har yau sai na ɗaga hannu

Ɗan Fagge:
Yaya na Sendai to 生 fa, littafina ya jero masa karatu kusan goma, in haddace su duka ne?

Baƙon Sendai:
A'a kar ka soma, ba wanda ke haddace su a jere. Ka riƙe kalmomin, sensei malami da gakusei ɗalibi za su ba ka sei, ikiru rayuwa, umareru haihuwa, nama ɗanye kamar a nama tamago ɗanyen ƙwai, isshō tsawon rai zai ba ka shō, tanjōbi ranar haihuwa zai ba ka jō. In ka gamu da sabuwar kalma mai kanji biyu ka fara gwada sei, yawanci za ka dace, in akwai hiragana, wato haruffan gaɓa, a bayansa to karatun gida ne. Sunayen mutane da na garuruwa kuwa su kansu 'yan ƙasar tambaya suke yi, shi ya sa kowane fom a nan yana da layin da za ka rubuta yadda ake karanta sunanka a sama. Ƙarfe biyun dare ta wuce a nan kuma ina da lab da safe, Injiniya in ka ga dama ka turo katunan naka na N4 gobe in duba waɗanda ya kamata a ƙara musu aikatau.